Matuƙin Kwamfuta: Gwani Ne Ko Maguɗi Yake Yi?

Filin tambayoyin masu karatu na wannan fitowa ya karkata ga masu wasannin kwaikwayon jiragen yaƙi a kwamfuta, irin su DCS World da IL-2 Sturmovik da Falcon BMS. Saƙonnin sun yi yawa, don haka muka haɗa masu kama da juna, muka rage musu tsawo. Duk inda kuka ga sunan wani maɓalli da Turanci, haka yake rubuce a allon wasan, mun bar shi ne don ku same shi ba wahala.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A DCS ina tuƙa F-86 Sabre, nakan haɗa kaina da MiG-15 na kwamfuta. Mu sha kwana biyu ko uku, ni guduna ya ƙare, shi kuwa sai ya miƙe sama kamar ba shi da nauyi, ya juyo ya sauko mini a ka. Don Allah wannan ba maguɗi ba ne? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Amsar ta kasu biyu, kuma rabinta ba zai yi maka daɗi ba.

Bari mu fara da inda kake da gaskiya. Kai da shi ba da lissafi ɗaya kuke tashi ba. Jirgin da kake ciki, kwamfuta tana bin diddiginsa sau da yawa a kowace daƙiƙa: iskar da ke kan kowane fiffike, man da ya rage a tanki da inda nauyinsa ya karkata, zafin inji, jan da makaman da ke rataye suke yi. Aiki ne mai cin ƙarfin furosesa. Da za a yi wa jirage 40 da ke fage irin wannan lissafi, da wasan ya riƙa tsinkewa. Shi ya sa kamfanin Eagle Dynamics, mai gina DCS, ya daɗe yana ba jiragen kwamfuta sauƙaƙƙen lissafi da suke kira SFM. Shi kusan jadawali ne kawai: a tsayi kaza da gudu kaza, fiffike yana ɗaga kaza, inji yana ba da ƙarfi kaza. A tafiyar yau da kullum ba za ka ga bambanci ba. Sai an kai bakin iyaka, inda hanci ya kalli sama, gudu ya yi ƙasa ƙwarai. A nan naka jirgin zai fara karkarwa, fiffike ɗaya ya nemi faɗuwa, nasa kuma ya ci gaba kamar an ɗora shi a kan layin dogo. Masu wasan sun daɗe suna kuka da MiG-15 da MiG-21 na kwamfuta a kan wannan, har kamfanin ya sanar da cewa yana gina wani sabon lissafi mai suna GFM don rage tazarar.

Ba duka wasanni ne haka ba. A jerin IL-2 Great Battles, wanda ya fara da yaƙin Stalingrad, jirgin kwamfuta da naka lissafinsu ɗaya. Matuƙin kwamfuta yana jan sanda da taka feda ne kamar kai, shi ya sa za ka iya ganin ya kife ko ya daki ƙasa in ka ja shi cikin kwari. Abin da aka biya shi ne yawan jirage: ba a iya cika sama da su yadda ake yi a tsohon IL-2 na 2001, wanda ƙungiyar Oleg Maddox ta gina. Shi kuwa tsohon, jiragen kwamfutarsa injinsu ba ya zafi, suna kuma hangen ka ta cikin gajimare, sai daga baya masu gyara na Team Daidalos suka yi maganin abin.

Yanzu ga rabin da ba daɗi. Ko a yaƙin Koriya na gaskiya, MiG-15 ya fi Sabre hawa, ya kuma fi shi kaiwa sama can. Fifikon Sabre yana wajen gangara da biyayya ga sanda a babban gudu. Wato ka je ka same shi a gonarsa ne. Ƙari a kan haka, matuƙin kwamfuta ba ya jan sanda fiye da kima don zumuɗi. Ya san gudun da jirginsa ya fi hawa da shi, a kansa yake zama. Kai kuma kowace kwana kana ɓarar da gudu ba ka sani ba. Ka ɗauki tsayi a matsayin hatsin rumbu, gudu kuma wanda ke cikin kwano. Wanda ya cinye na kwano alhali rumbu ba komai, shi ake saukowa a ka.

Abin yi: kar ka bi shi sama. In ya miƙe, kai ka sassauta sanda, ka tara gudu a kwance ko da ɗan gangara, idonka a kansa. Dole ya sauko, kuma yana saukowa da gudu mai yawa, kwanarsa za ta yi faɗi. Juyo masa hanci tun yana nesa, ku wuce juna, sannan ka nemi harbi a lokacin da yake fitowa daga gangara.

TAMBAYA: Duk lokacin da na matsa kwana a Fw 190, sai jirgin ya fizge ya kife ba gargaɗi, alhali agogo yana nuna sama da kilomita 300 a awa. An ce jirgin ba ya faɗuwa sai gudu ya yi ƙasa da 200. Ina matsalar take? Daga Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, fiffike ba ya duba agogon gudu. Abin da ya sani shi ne kusurwar da yake fuskantar iska da ita. In kusurwar ta wuce iyakarta, wadda a yawancin jiragen wancan zamani ba ta nesa da digiri 15 zuwa 18, iskar da ke bin bayan fiffike sai ta sake shi, ɗagawa ta ƙare. Wannan yana iya faruwa a kowane gudu.

Lambar da aka ba ka ta tafiya a miƙe ce, jirgi yana ɗauke da nauyinsa kaɗai, wato G 1. A kwana nauyin yana ninkuwa. Ka karkata digiri 60 ka riƙe tsayi, kana G 2, gudun da fiffike zai saki iska ya ƙaru da kashi 41 cikin 100. A G 4 ya ninka biyu cif. Jirgin da ke sakin iska a kilomita 160 a miƙe, a G 4 zai yi hakan a 320. Ka ga inda naka ya kife ke nan. Fw 190 kuma dama an san shi da wannan hali tun a hannun matuƙansa na gaskiya: ba ya karkarwa sosai kafin ya saki, kuma fiffiken hagu yakan faɗi farat ɗaya. Ba jirgin zagaye ba ne. Ƙarfinsa yana wajen saurin mirginawa da gangara da yawan igwa. Sauko, harba, wuce, hau, sake dawowa.

Sai kuma sandar da ke kan teburinka. Sandar jirgi ta gaskiya doguwa ce, daga ƙasa take tasowa, tana kuma yin nauyi a hannu in gudu ya ƙaru. Sandarka ba ta fi taƙi ɗaya ba, ba ta da nauyi, motsin santimita 1 a wurinka ya kai na santimita da yawa a can. A DCS ka shiga Controls, ka zaɓi Axis Assign, ka danna Axis Tune a kan layin ɗaga hanci. Sa Curvature, mai tausasa tsakiyar sanda, tsakanin 15 da 25, Deadzone, ɗan motsin da wasa zai yi watsi da shi, 2 ko 3. Kar ka wuce 30, domin laushin da ka samu a tsakiya ana cire shi ne daga gefe, sai ƙarshen sanda ya zama mai fizga, daidai wurin da kake buƙatar natsuwa. In sandar ta tsufa tana rawa da kanta, ɗaga Deadzone zuwa 5. Masu arha irin Logitech Extreme 3D Pro da abin gogayya suke auna motsi, yana cinyewa da daɗewa, ƙura kuma tana ƙara masa. Irin Thrustmaster T.16000M da maganaɗisu suke auna hanci da mirgina, ba abin da ke gogar wani. Kafin komai ma, duba ko wasan bai ɗaura abu ɗaya a kan na'urori biyu ba. DCS yana da halin raba wa duk abin da ka jona aikin hanci da mirgina da totur, sai ka ga fedarka tana ɗaga hanci ba ka sani ba. Goge duk wanda ba ka sa da hannunka ba.

In har ya kife ya shiga hajijiya: rufe totur, mai da sanda tsakiya ta gefe da gefe, taka feda har ƙasa ta ɓangaren da ya saɓa wa juyin, tura sanda gaba. Da juyin ya tsaya, saki feda, bari gudu ya taru, sannan ka ɗaga hanci a hankali. Mafi yawan masu mutuwa a nan gaggawar ɗagawa ce ke mayar da su hajijiya ta biyu. Masu P-51D su ƙara da wannan: tankin galan 85 da ke bayan kujera yana ja da nauyi baya, jirgin ba ya zama lafiya a kwana sai an sha mafi yawansa. Ko ka fara da shi, ko ka tashi ba ka cika shi ba.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni ko tashi na kasa yi da Bf 109. Da na ba da wuta sai ya karkace hagu ya yi zagaye a kan titi, fiffike ya daki ƙasa. Jiragen kwamfuta kuwa suna tashi sumul a gabana. Daga Maraɗi.

AMSA: Tare da kai, Malam. Kar ka auna kanka da su, hannunsu ba ya rawa. Abubuwa uku ne suka haɗu a kanka. Farfelar 109 tana juyawa dama in kana kallon ta daga kujera, jirgin kuma yana neman mirginawa hagu. Iskar da take turawa baya tana murɗawa ta daki jela ta gefe, ta tura hanci hagu. Lokacin da jela ta ɗaga kuma, farfelar tana ƙara wata fizga hagu. Ga tayoyin gaba a matse kusa da juna, ga nauyin jirgin a bayansu. Da jela ta fara kaucewa, nauyin nan zai ƙara tura ta, kamar amalanken da aka tura da baya.

Ka daidaita jirgi a tsakiyar titi, ka bari ya mirgina mita kaɗan a miƙe don tayar jela ta saitu, sannan ka kulle ta. A 109 da hannu ake kullewa. A Fw 190 da P-51 jan sanda baya ne ke riƙe ta. Ƙara wuta cikin daƙiƙa 5 ko 6, ba a fizge ba. Sa ƙafar dama tun kafin karkata ta fara. Idonka a can ƙarshen titi, ba a hancin jirgi ba. Gyara da ƙananan taku, taka ka saki, taka ka saki. Wanda ya danne feda yana jiran ya ga sakamako, sai ya tsinci kansa a ɗaya gefen. Kar ka yi gaggawar ɗaga jela, bari gudu ya ba sitiyarin jela iskar da zai yi aiki da ita. In kana da feda ko sanda mai murɗawa, shiga shafin Special a DCS ka mai da Take-off Assistance zuwa 0, ka cire Auto Rudder, in ba haka ba kai da kwamfuta za ku riƙa kokawa a kan feda ɗaya. Ka kuma lura: jiragen Yak da Spitfire mai injin Griffon farfelarsu ta ɗaya gefen take juyawa, su ƙafar hagu suke so.

TAMBAYA: Maharban da ke bayan jiragen bama-bamai a IL-2 sun addabe ni. Kafin in buɗe wuta sun fasa mini inji. Anya mutum zai iya saiti haka? Daga Kaduna.

AMSA: Wani lokaci saitinsu ya wuce na ɗan'adam, musamman in jirginsu yana kwana ko yana ci da wuta, lokacin da mutum na gaskiya yake neman abin kamawa. Amma mu yi lissafi tukuna. Jirgin bom yana tafiya kilomita 350 a awa, kai ka biyo shi ta baya da 450. Tazarar tana raguwa da kilomita 100 a awa, kimanin mita 28 a daƙiƙa. Daga mita 600 zuwa 200 za ka yi daƙiƙa 14 kana zaune a miƙe a bakin bindigarsa, ba ka motsi hagu ko dama, inji da lagireto a gaba. Wannan ko ɗan koyo ba zai kuskure ba.

Juya lissafin. In ka zo ta gaba da gudu iri ɗaya, kuna haɗuwa da kilomita 800 a awa, mita 222 a daƙiƙa. Tazarar nan ba ta kai daƙiƙa 2 ba. Dalilin ke nan da ya sa matuƙan Jamus suka koma kai wa jirgin bom na Amurka B-17 hari ta gaba daga ƙarshen 1942, har Amurkawa suka ƙara wa samfurin G bindigogi a ƙarƙashin hanci. In ta gaba ta yi maka wuya, hau sama da shi da mita 800 zuwa 1,000, ka ɗan wuce shi ta gefe, ka gangaro a karkace, ka yi harbi na daƙiƙa 1, ka wuce ta ƙasa kana kwana. Kar ka ɗago a bayansa kai tsaye, nan ne gudunka yake mutuwa a gaban maharbin jela.

Harbi a karkace yana buƙatar ka sa saiti gaba da jirgi. Harsashi mai matsakaicin gudun mita 700 a daƙiƙa yana cin kusan daƙiƙa 0.43 kafin ya kai mita 300. Jirgin da ke gilmawa da kilomita 400 a awa ya yi gaba da kusan mita 48 a wannan lokaci, tsawon ƙaramin jirgin yaƙi sau biyar. In kusurwar digiri 30 ce, rabin haka. Masu bindigogi a fiffike su sa mahaɗar harsasai a mita 250 zuwa 300, su kuma daure kar su taɓa kunama sai an kai nan.

TAMBAYA: Ina tsara aikin yaƙi da kaina. Jiragen da na sa ko dai su wuce maƙiyi ba su kula shi ba, ko su zubar da bama-bamai su gudu, ko su yi ta zagaye a wuri ɗaya har mai ya ƙare. Me nake yi ba daidai ba? Daga wani ɗalibi a Kumasi.

AMSA: Madalla da wannan tambaya, domin a nan ne ake ganin ainihin yadda matuƙin kwamfuta yake. Ba ya tunani, jerin sharuɗɗa yake bi: in kaza ya faru, yi kaza. A sama akwai mai yanke shawara, a tsakiya akwai mai zaɓen irin juyin da za a yi, a ƙasa akwai mai motsa sanda don a kai ga gudu da tsayin da aka nema. Duk abin da ba ka faɗa wa na saman ba, ba zai ƙirƙiro shi ba.

A DCS fara da aikin da ka ba rukunin. Wanda aka ba CAS, wato tallafa wa sojan ƙasa, ba zai bar tankoki ya bi jirage ba, wanda aka ba CAP, wato sintirin sama, ba ruwansa da tankoki. Sannan ka shiga Advanced Waypoint Actions. A ROE, wato dokar buɗe wuta, Weapon Hold yana hana harbi gaba ɗaya, Return Fire sai an harbe shi, Weapons Free kuma duk abin da ya gani. Zubar da bama-bamai daga Reaction to Threat yake zuwa. In yana kan Allow Abort Mission, da rada ta kama shi zai iya watsar da aikin. Mai da shi Evade Fire, ka ƙara Restrict Jettison. Masu ƙarar da mai kuma, sau da yawa gudun da ka rubuta musu ne ya fi ƙarfin jirgi mai kaya, sai su kunna wutar baya, wato afterburner mai shan mai, don su cim masa. Rage gudun, ko ka sa Restrict Afterburner har zuwa zangon da ke kusa da fage.

Zagaye a wuri ɗaya lissafi ne kawai. Jirgi mai kilomita 800 a awa da ya karkata digiri 45 yana buƙatar da'irar da daga tsakiyarta zuwa bakinta kilomita 5 ne. In ka jera masa zango biyu kusa da juna da kwana mai tsini, ba zai iya shiga na biyun ba, sai ya yi ta kewaya shi kamar akuya a turke. Ba su tazarar kilomita 10 ko fiye, ka yi amfani da Turning Point sai inda dole ne ya bi ta kan wurin. Duba kuma ko tsayin da ka rubuta daga teku ake auna shi ko daga ƙasa. A taswirar Kokasus akwai dutsen Elbrus mai mita 5,642, mita 2,000 daga teku a wasu wurare cikin dutse ne.

A IL-2 Great Battles sirrin yana cikin Priority na kowane zango. High yana nufin ya je can ko ana harbinsa, ba zai tanka ba. Low yana ba shi damar barin hanya ya far wa abin da ya gani. Mafi yawan masu cewa jiragensu sun makance, High suka bari. Tabbatar kuma kowane zango yana da igiya biyu, ɗaya zuwa shugaban rukuni, ɗaya zuwa zango na gaba.

Ɗan rakiyarka ma umarni yake jira. A Falcon BMS, W na ɗan rakiya ne, E na rukuni na biyu, R na duka tawaga, Q na jirgin rada, T na hasumiya. Kama maƙiyi da radarka tukuna, sannan ka ce ya kai wa abin da ka kama hari. In ya gama, kira shi ya dawo sahu, in ba haka ba zai bi wani har cikin makaman ƙasa.

TAMBAYA: Kwamfutata tana tsinkewa in jirage suka yi yawa, amma Falcon BMS yana gudanar da yaƙin Koriya gaba ɗaya ba ya tsinkewa. Ta yaya? Daga Gusau.

AMSA: Dabara ce tun daga Falcon 4.0 na kamfanin MicroProse a 1998. Akwai wani kewaye da ke bin jirginka. Abin da ke cikinsa ne kawai ake lissafa wa tashi da harbi ɗaya bayan ɗaya. Na waje an dunƙule su, bataliya guda ko tawaga guda ta zama ɗigo ɗaya a taswira, faɗansu kuma da ƙididdiga ake yanke shi. Kana matsowa sai a warware su. A DCS za ka iya kwaikwayon wannan da hannu: sa wa rukunoni Late Activation, ka ɗaura tashinsu a kan shigarka wani yanki. Motocin ƙasa masu neman hanya da kansu sun fi jirage cin furosesa a ayyuka da yawa, waɗanda ba dole su motsa ba ka bar su a tsaye.

TAMBAYA: Ina harba makami mai linzami AIM-120 daga nesa da zarar alama ta ba ni dama, amma jirgin kwamfuta kullum sai ya kauce. Daga Jos.

AMSA: Alamar farko tana nufin makamin zai kai ne in maƙiyi ya ci gaba da zuwa a miƙe. Injin makami mai linzami daƙiƙu kaɗan yake ci, sauran tafiyar da ragowar gudu yake yi. Matuƙin kwamfuta mai babban mataki ba ya shagala, yana juyawa da wuri. Ko ya ba makamin baya ya gangara cikin iska mai kauri, ko ya sa radarka a gefen fiffikensa daidai digiri 90 yana ƙasa da kai. Rada irin ta waɗannan jirage tana tace ƙasa ne ta hanyar watsar da duk abin da ba ya matsowa ko nisanta, shi kuma a wannan kusurwa ya saje da ƙasa.

Hau sama, ka ƙara gudu kafin harbi, domin makamin yana gadon tsayinka da gudunka. Harba na farko don ka tilasta masa juyawa, ka karkata digiri 50 zuwa 60 ba tare da radarka ta sake shi ba, ka rage wuta. Da ya juyo zai dawo, gudunsa ya ragu, tazara ta matso, na biyun ne mai kisa. In AIM-7 ko R-27ER kake ɗauke da shi, dole radarka ta riƙe shi har makamin ya isa. Ɗauki faɗan da manhajar Tacview ka kalla daga baya. Ta fi faifan maimaici na DCS amana, domin shi sake buga wasan yake yi daga abin da ka danna, yakan kauce daga abin da ya faru.

TAMBAYA: Injin P-51 ɗina yana mutuwa bayan minti kaɗan na faɗa. Daga Katsina.

AMSA: Ka tura totur har ƙarshe ka manta da shi ke nan. Matsin inji na inci 46 da juyi 2,700 a minti shi ne abin da injin zai jure ba iyaka. Inci 61 da juyi 3,000 minti 15 ne, inci 67 kuma minti 5. In za ka ƙara ƙarfi, fara da juyin farfela sannan totur. In za ka rage, totur tukuna. Babban matsi a kan ƙaramin juyi shi ke fasa inji. Hawa a tsaye da ƙaramin gudu kuma yana hana lagireto iska, ka buɗe shi da hannu kafin allura ta kai ja.

TAMBAYA: Na karanta cewa wata kwamfuta ta doke matuƙin F-16 na gaskiya. Me ya hana a sa irinta a wasanninmu? Daga wata malamar makaranta a Yamai.

AMSA: Haka ne, Malama. A watan Agustan 2020 hukumar binciken tsaro ta Amurka, DARPA, ta shirya gasar AlphaDogfight da ƙungiyoyi 8. Manhajar wani ƙaramin kamfani, Heron Systems, ta cinye, sannan ta doke ƙwararren matuƙin F-16 da ci 5 da nema a na'urar kwaikwayo. Ba sharuɗɗa aka rubuta mata ba, faɗa ta yi ta maimaitawa har ta koya. A Satumban 2023 kuma jirgin gwaji X-62A, wanda manhaja ke tuƙawa, ya kara da F-16 mai mutum a ciki a sansanin Edwards da ke Kalifoniya, a Mayun 2024 sakataren sojan sama na lokacin, Frank Kendall, ya shiga cikinsa da kansa.

Sai dai ki duba sharuɗɗan gasar 2020. Ɗaya da ɗaya ne, bindiga kaɗai, jirgi iri ɗaya, kuma manhajar tana samun ainihin wurin abokin karawarta a kowane lokaci, ba gajimare, ba rana a ido. Yawancin nasararta daga harbin gaba da gaba ta zo, irin wanda dokokin atisaye suke hana matuƙa yi. Mai gina wasa kuma matuƙin da yake buƙata dole ya fito daga rumfa, ya bi layi, ya tashi cikin sahu, ya sha mai a sama, ya ji umarni, ya sauka, a jirage iri fiye da 100. Duk ranar da aka gyara lissafin tashin wani jirgi, sai an sake horar da manhaja mai koyo. In ta yi shirme kuma, ba wani layi da za a buɗe a ce ga kuskuren.

Mu a ganinmu ma, abokin faɗan da ba ya kuskure ba shi ne abin nema ba. Wahalar tana wajen gina wanda zai ɓatar da ke a cikin rana, ya tsorata, ya ja sanda fiye da kima. Matakan da kike gani a DCS, Rookie da Trained da Veteran da Ace, kusan abin da suke yi ke nan: a rage nisan gani, a jinkirta martani, a ƙara kuskuren saiti, a rage G ɗin da zai ja. Don atisaye, sa jirgi irin naki sak a matakin Veteran, ku fara a tsayin mita 4,000, tazarar kilomita 8, fuska da fuska, bindiga kaɗai. A cikin Tacview ki duba gudunki da nasa a ƙarshen kwana ta farko. In gudunki ya gaza nasa da kilomita 100 a awa ba tare da hancinki ya riga nasa juyowa ba, sassauta jan sanda a karo na gaba, ki sake aunawa.